Kibau Bakwai da Na Yi wa Baba

Na san abin da ake faɗa muku a ƙauye. Bara Hannatu ta dawo daga bikin ɗan Baba Markus tana yi mini wani irin kallo, sai ranar da za ta koma gidanta ta tsaya a bakin ƙofa ta ce:

"Baba, wai da gaske kai ne ka sa Kaka ya ajiye baka?"

Na ce zan ba ta amsa, ban kuwa ba ta ba, domin in na buɗe baki a kan wannan magana sai ta cakuɗe mini, in fara daga ƙarshe. Shi ya sa na rubuta. Ku huɗun nan kowa ya karanta da idonsa, kada ɗaya ya karanta ya ba saura labari.

A shekarar da aka haife ki ne, Hannatu, lokacin da sai an bi layi ake samun sabulu da madara. Muna ɗaki ɗaya a gidan haya a Maƙera, ina aiki a wata masaƙa a Kakuri. Aikina duba yadi. Yadi yana wucewa a kan tebur mai fitila, ni ina tsaye da alli, in na ga zare ya tsinke ko rini ya zuba sai in sa alama a ware shi. Abokan aiki suna kirana Ishaya Alli, domin abin da wani zai kau da kai ya bari ya wuce, ni sai na sa an tsayar da inji. Ba yabon kaina nake yi ba. Hali ne da ya wahalar da ni duk rayuwata. Kun sha ganina na kai bakin titi na dawo don in taɓa kwaɗon ƙofar da na san na kulle. Mamarku ta tafi gidan iyayenta wankan jego, ta tafi da ke da yayanki, ɗakin ya zama daga ni sai rediyo. Ana haka sai yayana Markus ya sako Baba a mota daga ƙauye, ciwon ƙirji ya cinye shi, a kai shi asibiti. Da ya sauko ban gane shi ba sai da na ga abin da ke kafaɗarsa: bakansa, da kwarinsa, da wata 'yar jakar fata wadda na san abin da ke ciki tun ina yaro.

Dole in bayyana muku ko wane ne shi, domin ku a birni kuka tashi. A garinmu, kowace shekara bayan an gama shigar da amfanin gona, kafin ruwan fari, ana fita farautar gari. Ba wanda zai sa ƙafa a daji sai mai riƙe da bakan gari ya tsaya taki arba'in daga wani tsohon kututturen maɗaci ya harbe shi. In kibiya ta kafe, a yi ihu a shiga daji. Baba ne yake wannan harbi tun kafin a haife ni, bai taɓa kuskure ba. Shi ne kuma mai yi wa maharban garin kibau, abin da ke cikin jakar nan kuwa dutsen awonsa ne, baƙin dutse kamar dunƙulen hannu mai huda a tsakiya. Yakan kafa turaku biyu, tsakaninsu kamu ɗaya, ya ɗora kyauro a kai, wato karan da ake kibiya da shi, ya rataya dutsen a tsakiya, ya duba iya inda karan ya sunkuya. In ya sauka fāɗin yatsa ɗaya, mai tauri ne, na ƙarfafan maza, sai a ƙona masa zobe ɗaya kusa da gindi. Yatsa biyu, zobe biyu, na samarin da ƙashinsu bai gama ƙwari ba. Yatsa uku na harbin tsuntsaye ne. Dalilin, yadda ya koya mana, shi ne idan aka saki tsirkiya kibiya takan ɗan lanƙwasa ta zagaye jikin baka sannan ta miƙe. In ja ya yi rauni kara ya yi tauri, ba zai lanƙwasa ba, sai ya kauce gefe. In ja ya yi ƙarfi kara ya yi laushi, sai ya karye ya shige hannun mai harbi. Na ga wannan da idona ina ɗan shekara tara, a hannun wani ƙanen mahaifiyarmu. Har ya mutu yatsunsa biyu ba su ƙara naɗewa ba.

Wata uku muka yi da Baba a ɗakin nan, ban taɓa jin kaɗaici irin na watan farko ba, alhali mutum yana kwance kusa da ni. Ba mu saba hira ba tun can. In na dawo aiki in same shi zaune a bakin ƙofa yana kallon bangon gidan da ke gabanmu. In dafa tuwo, ya ci loma uku ya ture. Wata rana ya tambaye ni:

"A garin nan ta ina rana take faɗuwa?"

Na nuna masa bayan ɗakin wanka. Ya daɗe yana kallon wurin.

Da magani ya karɓe shi ya fara tafiya ba sanda, sai ya ce in nemo masa abin harbi, domin saura wata biyu farauta. Na cika buhu da tarkacen auduga na masaƙa, muka riƙa kai shi wani fili kusa da layin dogo ranar Lahadi bayan an tashi daga coci. Ya auna taki arba'in, ya ja, ya saki. Kibiya ta wuce ta hagun buhu. Ta biyu ma haka. Ta uku ta shige ciyawa, sai da na daɗe ina nema. Ya ce iska ce. Lahadi ta gaba ba iska, ya ce buhun ne na jingine a karkace. Ni kuwa ina tsaye a gefensa, na ga abin da shi ba ya iya gani. Da, in Baba ya ja baka, tsirkiya takan kai gindin kunnensa. Yanzu a haɓarsa take tsayawa. Kibau na nan yadda suke, masu zobe ɗaya. Ja ne ya ragu.

A hanyarmu ta komawa ya ce:

"Waɗannan sun bushe da yawa, zafin mota ya lalata su. Ka je bakin kogi ka yanko kyauro. Bakwai nake so, yatsa ɗaya. Ko ka manta awo?"

"Ban manta ba, Baba."

"Za mu gani. Hannun da ya saba da alli."

Na yanko dami guda a bakin kogin Kaduna, na shanya a kan rufin kwano, na miƙar da su ɗaya bayan ɗaya a kan garwashi. Na kafa ƙusoshi biyu a bangon bayan ɗaki. Sai damuwa ta taso mini: yatsana bai kai na Baba kauri ba, to da wanne zan auna? Sai da na fere ɗan itace daidai fāɗin yatsansa, na gwada a kan hannunsa, yana ta tsaki. Kowane kara sau uku nake auna shi, ina juya shi, domin wani gefen yakan fi wani tauri. Kafin in gama awon dukansu Lahadi ta zo. Na ɗauki ɗaya cikin waɗanda ban auna ba, wanda hannuna ya ji kamar ya fi laushi, na ɗaura masa tsohon kan kibiya, na ce ya gwada. Ya ja zuwa haɓa, ya saki. Ta kafe a tsakiyar buhu, har buhun ya faɗi.

"Ka gani? Na ce maka tsofaffin ne suka lalace."

Muna isa gida na zagaya baya na rataya masa dutse. Yatsa biyu cif. Na sake, na juya, na sake. Yatsa biyu.

Ban san wanda zan faɗa wa ba. Mamarku tana nesa, ba kuma magana ce ta wasiƙa ba. Sai na shiga bas zuwa Sabon Tasha wurin yayata, Gwaggonku Rifkatu, inda take sayar da citta da doya. Ta saurare ni tana korar ƙuda da murfin kwano, da na gama ta ce:

"To, shi ke nan? Da na gan ka da wannan fuska na zaci mutuwa aka yi. Yi masa da mai laushin mana."

"Yaya, ba zai karɓi zobe biyu ba. Kibiyar samari ce. A gaban gari zai zaro ta."

"Wa ya ce ka sa biyu? Sa ɗaya ka rufe bakinka."

"Ƙarya ke nan."

"Ji shi, Fasto Ishaya. Da ƙarfe za ka yi ƙaryar, ba da baki ba. Tsohon nan sau nawa ya rage masa ya tsaya gaban kututturen can? Ɗaya ne ko biyu. Ka bar shi ya harba ya koma gida da kansa a sama. Kuma ka ji ni da kyau, in cikinka ya fara wannan juyin nasa, zo nan ka amayar mini, kada ka kai masa."

Ta cusa mini doya biyu a jaka ta ce in tafi, ina tare mata masu saye.

Na yi yadda ta ce. Na zaɓi bakwai masu yatsa biyu, waɗanda ba su da tabo ko ɗaya. Malam Sule maƙeri, da ke bayan layinmu, ya ƙera mini kawunansu, yana tsokanata wai ko yaƙi zan kai wa masu masaƙa. Na ɗaure da jijiya, na sa ƙusa a wuta, na ƙona wa kowacce zobe ɗaya. Hannuna bai yi rawa ba, abin da ya ba ni tsoro ke nan. Da na miƙa wa Baba, ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Ya murza kowacce tsakanin tafukansa, ya kai ta kusa da kunne ya ɗan lanƙwasa, ya shafa zoben da babban yatsa. Ya daɗe. Ni ina tsaye ina jira. Sai ya ce:

"Madalla."

Ya zuba su a kwari.

Makonni biyun da suka biyo baya su ne mafi daɗi da na taɓa yi da mahaifina, ina so ku san wannan ma. Duk harbin da ya yi sai ya sami buhu. Ya fara cinye tuwonsa yana neman ƙari. Ya ba ni labarin yadda ya haɗu da mahaifiyarmu a bakin rafi tana zaginsa don ya tsorata mata jaki, labarin da ban taɓa ji ba. Har ya raka ni ƙofar masaƙa wata safiya don ya ga inda nake shiga. Amma ni ban sami sukuni ba. Ina tsaye a wurin aiki da alli a hannu, ina ware yadin mutane saboda zare ɗaya, sai in tuna abin da na ƙona a jikin kara. Abin da ya fi ci mini rai kuwa shi ne Markus. A farauta in kibau suka ƙare wa mutum, yakan zari na ɗan'uwansa, zobe kawai zai duba. Markus a lokacin ƙato ne, yana jan baka har bayan kunne. In ya zari ɗaya daga kwarin Baba ya ga zobe ɗaya ya ja da dukan ƙarfinsa fa? Sai in ga hannun kawun nan namu, da karan da ya shiga ta tafi ya fito ta baya. Na yi niyyar komawa Sabon Tasha sau biyu. Na san abin da za ta ce, shi ya sa ban je ba.

Ranar tafiyarsa na raka shi tasha da safe. Mota ba ta cika ba, muka zauna a kan benci, kwarin yana kan cinyarsa. Na riga na shirya abin da zan faɗa: kada ya bari kowa ya ari kibiyarsa, shi ke nan. Da na tsaya a nan, da ba a yi komai ba. Amma da na faɗa sai ya juyo ya dube ni, ni kuma ban iya riƙe rabin magana ba, ban taɓa iyawa ba.

"Baba, kibau ɗin nan ba yatsa ɗaya ba ne. Biyu ne. Ni na sa zobe ɗaya. Na ga jan naka ba ya kai kunne kamar da, shi ya sa tsofaffin suke kaucewa. Ka yafe mini."

Bai yi fushi ba. Da ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ya kalli motar, ya kalli ƙasa, sannan ya ce a hankali:

"Ishaya, shekara hamsin ina lanƙwasa kara. Kana tsammani sai dutse ya faɗa mini? Tun ranar da ka miƙo su hannuna ya sani."

Ya ci gaba:

"Na ce a raina, yaron nan ya yi hankali, ya ga abu ya rufe. Da ka bar shi a rufe, da na harba. Ko Markus kake tsoro, ni ban san in hana shi kwarina ba? Amma yanzu ka faɗa. Yanzu in na tsaya gaban gari na zaro ta, na san akwai wanda ya ce da ni a fuska kibiyar samari nake riƙe."

Ya buɗe kwari ya zaro su ya ajiye a kan benci tsakaninmu, ya bar tsofaffin nasa a ciki. Ɗan kamasho ya yi kira. Ya shiga ya zauna ta ɗaya gefen, inda ba na ganin fuskarsa. Na naɗe kibau ɗin a tsohuwar jarida na koma ɗaki. Sai da na buɗe na ƙirga na ga shida ne. Na koma tashar da ƙafa, na duba ƙarƙashin benci, na tambayi masu shara da mai shayi, suna ta yi mini dariya. Ban same ta ba. Na ƙara wannan a kan laifofina, na ce ko riƙe su ma ban iya ba.

Ban je farautar ba. Na ce ba a ba ni hutu ba, gaskiya kuwa ban nema ba. Abin da ya faru daga bakin Markus na ji. Baba ya tsaya taki arba'in, ya zaro ɗaya daga tsofaffin nasa masu zobe ɗaya, ya ja, ya saki. Ta wuce ta hagun kututture da kusan kamu biyu. Ya cire bakan daga hannunsa ya miƙa wa Markus, ya juya ya nufi gida shi kaɗai, mutane suna buɗe masa hanya. Bai ambaci sunana ga kowa ba. Gwaggonku ce, da na kai mata labari, cikin fushi ta faɗa wa Markus abin da na yi, daga nan magana ta yi ta girma har ta zama wai na ce wa Baba ya ƙare. Ita kanta ta yi wata biyar ba ta amsa gaisuwata ba. Da ta fara amsawa, abin da ta ce shi ne:

"Kai ka sauke kayanka ka ji sanyi. Ka duba a kan wa ka sauke?"

Mamarku ta dawo da ku, ɗaki ya cika da kuka da wanki, amma ni ina nan kamar wanda aka bari a tasha. Na je gida da Kirsimeti. Baba ya amsa gaisuwata, ya tambayi aiki, ya ɗauke ki, Hannatu, ya sa miki albarka. Bai yi mini rowar komai ba sai irin hirar makonni biyun nan. Na zauna kusa da shi kwana huɗu ina jiran ta, ba ta dawo ba. Damina biyu bayan haka ya rasu, ina wurin aiki, sai da aka binne shi saƙo ya iso ni.

Bayan an share makoki Gwaggonku ta zo Maƙera da wani abu a naɗe cikin zane. Ta ce a cikin jinkar ɗakinsa aka same shi, daidai saman gado, Markus ya ce ba ƙirar garinmu ba ce, a kawo mini. Kibiya ce, ina ganin kanta na gane hannun Malam Sule. Ta bakwai ce. Bakin ƙarfen ya dakushe an sake wasa shi, jijiyar ta yi baƙi. Ta ce matar maƙwabcinsa ta sha ganin Baba da sassafe yana zagayawa bayan dutse da wani ƙaramin baka, shi kaɗai, wani lokaci ya dawo da zabuwa. Na juya gindin. Zobena yana nan, wanda na ƙona da ƙusa, sumul. A ƙarƙashinsa akwai na biyu, an yanka da wuƙa, a ɗan karkace.

Shekaru da yawa ina juya wannan zobe a raina. Wata rana in ce yafe mini ya yi, ya karɓi awona. Wata rana in ce a'a, gyara alama kawai ya yi don kada ta cuci hannun wani, kamar yadda kowane mai yin kibiya zai yi. Ban sani ba, ba kuwa zan rubuta muku abin da ban sani ba.

To Hannatu, ga amsarki. I, ni ne. Ban ce masa ya ƙare ba, kibau ɗin da na yi masa kuma masu kyau ne, da su zai sami kututturen. Abin da na yi shi ne na faɗa masa abin da ya riga ya sani, don in sami barci.

Duka bakwai suna cikin akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gadona, a naɗe wuri ɗaya, kada ku raba su. Shida har yau zobe ɗaya gare su. Na sha sa ƙusa a wuta in gyara, sai in tsaya har ta huce. Don haka duk wanda ya gaje su cikinku, ko 'ya'yanku, kada ya yarda da alamata. Ya duba ta Baba. Yatsa biyu ne.